A Faɗi Sunan Makaɗin, A Sayar Mana da Kiɗan

A watan Fabrairu na 2022, wata tasha a YouTube mai suna GilvaSunner ta rufe. Mai ita ya shafe sama da shekara goma yana ciro kiɗe-kiɗen da ke cikin wasannin kamfanin Nintendo, su Mario da Zelda da Kirby, yana jera su tsaf domin duk mai so ya saurara. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya sa aka toshe masa bidiyo 1,300, aka biyo da wasu 2,200. Mutumin ya ce ya gaji, ya goge tashar da hannunsa. Masoya suka yi ta kumfar baki, kuma tambaya ɗaya suka riƙa jefa wa kamfanin: to, a ina za mu saya? A lokacin galibin waɗannan kiɗe-kiɗe babu su a Spotify, babu su a Apple Music, 'yan faya-fayan da aka taɓa bugawa kuwa mafi yawansu a Japan aka sayar, kuma sun ƙare tun tuni.

Doka tana bayan Nintendo, wannan babu ja. Kiɗan nasu ne, su suka biya albashin waɗanda suka tsara shi. Duk da haka ni ina tare da masu kumfar bakin, zan kuwa faɗi dalilina, sannan in faɗi inda muka raba gari da su.

Na san akwai mai karatun da tuni ya taɓe baki: ana ta kan kuɗin shinkafa da na makaranta, wannan ya zo mana da kiɗan gem. Malam, ɗan yi haƙuri. Ni a Zariya na tashi, kuma a unguwarmu akwai wani shago da muke kira gidan gem: benci biyu, ƙaramar talabijin, da wata na'ura da aka kwaikwayi Famicom ta Nintendo. Kaset ɗin rawaya ne, an rubuta a jikinsa wai wasa 9999 ke ciki, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa da suna daban. Mai shagon ba ya ƙaunar hayaniyar yara, amma bai taɓa rage muryar talabijin ba, domin kiɗan Mario shi ne tallarsa. Tun daga bakin layi kake jiyo shi, ka fara laluben aljihu. Yau in ka tara mu, mu da furfura ta fara leƙowa, ka ce wani ya rera kiɗan nan da baki, babu wanda zai kuskure. Ka tambaye mu sunan wanda ya tsara shi, sai wuri ya yi tsit.

Sunansa Koji Kondo. Ya shiga Nintendo a 1984 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a 1985 aka fitar da Super Mario Bros. Na'urar da ya yi aiki da ita hanyoyin sauti biyar kacal gare ta: uku masu fitar da amo mai hawa da sauka, ɗaya ta shuuu ɗin da ake kwaikwayon ganga da shi, ɗaya kuma ta ɗan guntun sautin da aka naɗa. Wasan gaba ɗayansa, hoto da kiɗa da komai, bai wuce kilobayit 40 ba, wato hoton biki ɗaya da kake turawa a WhatsApp ya fi shi nauyi. A cikin hanyoyin nan ne kuma tsallen Mario da ƙarar sulallan da yake tsinta suke aron wuri, shi ya sa in ya yi tsalle sai wata murya ta kiɗan ta ɗan yi shiru ta ba shi hanya. Cikin wannan ƙunci Kondo ya riƙa tsara kiɗa, ya ɗora a kan wasan, ya ga bai dace da gudun Mario ba, ya zubar ya sake. Wanda ya taɓa bugawa ya san abin da ke faruwa idan agogon da ke saman talabijin ya sauko ƙasa da ɗari: kiɗan ya ƙara wuta, tafin hannunka ya jiƙe, ka faɗa ramin da ka saba tsallakewa ido rufe.

Bai kamata wannan ya zame wa Bahaushe baƙon abu ba. Kiɗan gem kiɗan aiki ne, ɗan'uwan kiɗan dambe. Kalangu a filin dambe take yake kaɗawa, ɗan dambe ya ji nasa, tsikar jikinsa ta tashi, ya faɗo fili. Haka kowane gwarzo da kowane dodo a wasannin nan yake da takensa, kana jin an sauya kiɗa ka san babban abokin gaba ya iso tun kafin ka gan shi. Bambancin kawai, mu ba ma ambaton Shago mu manta da Ɗan Anace.

Su can inda abin ya fito, tuni suka daina ɗaukarsa wasan yara. Tun 1984 Haruomi Hosono na ƙungiyar Yellow Magic Orchestra ya fitar da faifai sukutum na sautukan wasannin Namco. A watan Agusta na 1987 Koichi Sugiyama ya tsaya gaban makaɗan goge a zauren Suntory da ke Tokiyo, suka kaɗa kiɗan Dragon Quest, jama'a na zaune da tikitinsu. Kiɗan Final Fantasy VII na Nobuo Uematsu, mutumin da da kansa ya koyi kiɗa ba a makaranta ba, faifan sidi huɗu ya ci a 1997. Ranar 23 ga Yuli 2021, da 'yan wasan duniya ke shiga fili a bikin buɗe gasar Olamfik ta Tokiyo, har da na Nijeriya da Nijar da Ghana, kiɗan Dragon Quest da Final Fantasy da Sonic ne ke tashi. (Na Nintendo ko ɗaya ba a sa ba, kuma mutane sun lura.) Masu ba da kyautar Grammy sun ware wa kiɗan gem rukuninsa daga 2023, Stephanie Economou ce ta fara ɗauka. A shekarar ce kuma babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa kiɗan Mario cikin kundin sautukan da ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu, karo na farko da kiɗan wasan kwamfuta ya shiga wurin. Na jero waɗannan ne don kada wani ya ce mana babu kasuwa. Kasuwa ta ci tun shekara arba'in da suka wuce.

A ƙarshen Oktoba na 2024, kusan shekara uku bayan rufe waccan tasha, Nintendo ya fito da manhajarsa ta waya, Nintendo Music. In za a yi adalci, an zauna an yi mata tunani. Kana iya ja wa kiɗa ɗaya tsawo ya yi ta juyawa minti 15 ko 30 ko awa guda ba tare da ka ji inda aka ɗinke ba, abin da ɗalibai masu karatun dare suka daɗe suna nema a YouTube. Kana iya ɓoye kiɗan wasan da ba ka gama ba, don kada sunan wani kiɗa ya tona maka ƙarshen labari. Amma abu biyu suka ɓata min rai, su ne kuma masoya suka fi kuka da su. Ba sayar maka ake yi ba: sai kana biyan kuɗin Nintendo Switch Online, ranar da ka daina biya kiɗa ya tafi. Sannan da aka buɗe manhajar, babu sunan mai tsara kiɗa ko mutum ɗaya. Za ka ga sunan wasa, za ka ga shekarar da ya fito, za ka ga Mario yana murmushi, amma babu Koji Kondo, babu Kazumi Totaka, babu David Wise, Baturen Ingilan da ya yi kiɗan ƙarƙashin ruwa na Donkey Kong Country a 1994, wanda ni har yau nake kunnawa in kaina ya ɗau zafi.

Tsohuwar ɗabi'a ce. A shekarun 1980 kamfanonin Japan kan hana ma'aikatansu sa sunan gaskiya a ƙarshen wasa, don tsoron kada abokan hamayya su zo su saye su. Manami Matsumae, matar da ta yi kiɗan Mega Man na farko a 1987, da laƙabi ta fito. Haka Yoko Shimomura, wadda ta tsara galibin kiɗan Street Fighter II a 1991, wasan da ya cinye kuɗin taran yara a kowace nahiya. Su wa suka yi ta bin tsoffin mujallu da bayan faya-fayai suna haɗa wane ne ya yi wane kiɗa, suna rubutawa don na baya su sani? Irin masoyan nan ne da ake toshe wa tasha. A 2025 hukumar BAFTA ta Birtaniya ta ba Shimomura lambarta mafi girma ta karramawa, sai ka ɗauka zamanin ɓoye suna ya wuce. Amma shekara biyu kacal kafin nan, a fim ɗin Mario na 2023, an sa waƙar da Grant Kirkhope ya tsara wa Donkey Kong 64, kuma da sunaye suka fara hawa a ƙarshen fim babu nasa. Mutumin ya fito fili ya ce abin ya yi masa ciwo. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan ɗaya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Masu kare kamfanin suna cewa ai a Japan aikin gayya ake ɗaukar irin wannan, ba a son fifita mutum ɗaya, kuma kiɗa guda kan ratsa hannu uku ko huɗu kafin ya fito. To a rubuta su ukun ko huɗun mana. Square Enix ma kamfanin Japan ne, tun 2019 ya zuba kiɗe-kiɗen Final Fantasy a Spotify da Apple Music da sunan Uematsu da abokan aikinsa a jiki, ba mu kuwa ji ya talauce ba.

Batun mallaka ya wuce Nintendo. Waɗanda suka buga Grand Theft Auto IV, wanda ya fito a 2008, za su tuna in ka shiga mota ka murɗa rediyo akwai wata tasha mai suna IF99, Femi Kuti ne mai gabatarwa, ana sa waƙoƙin mahaifinsa Fela. Ba ƙaramin daɗi na ji ba da muryar ɗan Nijeriya ta fito daga motar da nake tuƙawa a wani birnin ƙarya da aka kwaikwayi New York. Waƙoƙin irin waɗannan tashoshi hayarsu ake ɗauka na wasu shekaru. Da wasan ya cika shekara goma a Afrilun 2018, lasisin wasu ya ƙare, sai kamfanin Rockstar ya turo gyara ta intanet ya zare waƙoƙi da dama, musamman na tashar 'yan Rasha, daga wasan da mutane suka riga suka biya kuɗinsa. Wasan Alan Wake kuwa ɗungurungum aka janye shi daga kasuwa a 2017 saboda lasisin waƙoƙi, sai a 2018 ya dawo. Sonic 3 na 1994, wanda aka daɗe ana raɗe-raɗin Michael Jackson ya sa hannu a kiɗansa, da aka sake fitar da shi cikin Sonic Origins a 2022 an musanya kiɗan wasu matakai, duk wanda ya san na asalin kuwa ya ji giɓin. Mutumin da ya ga haka da idonsa, ka ce masa kada ya ajiye kwafi a kwamfutarsa, ya zauna jiran alherin kamfani? Ni dai bakina ba zai iya faɗa masa haka ba.

Kada kuma a ce gyara wuya gare shi. In sun ga dama, cikin mako guda suke yi. A Oktoban 2008, ana saura kwanaki kaɗan Sony ya saki wasan LittleBigPlanet, wani Musulmi mai buga gem ya ja hankalinsu cewa ɗaya daga cikin waƙoƙin wasan, ta marigayi Toumani Diabaté, gwanin kora na ƙasar Mali, tana ɗauke da jimloli biyu daga Alƙur'ani mai girma. Shi kansa Diabaté Musulmi ne, ya kuma yi bayanin cewa a wurinsu hakan ba sabon abu ba ne, amma Sony bai tsaya jayayya ba. Ya janye faya-fayan daga shaguna a duk duniya, ya ɗage ranar fitarwa, ya sake bugawa babu muryar. Kafin nan ma Nintendo da kansa ya cire wani sauti mai ɗauke da kalmomin ibadar Musulunci daga kiɗan wani haikali a Zelda: Ocarina of Time na 1998, a bugun da suka biyo bayan na farko. Na yaba da duka biyun. Abin da nake cewa shi ne, masana'antar da za ta iya kwashe faya-fayai daga shagunan nahiyoyi saboda abin da kunnen mai wasa ya jiyo, layi ɗaya na sunan makaɗi a manhaja ba zai gagare ta ba.

Yanzu ga inda nake barin layin 'yan'uwana masoya, kuma babu misalin da ya kai rikicin Doom Eternal. Mick Gordon ɗan Ostireliya ne, shi ya yi kiɗan Doom na 2016, kiɗa mai nauyi na jita da injin sauti wanda ke sauyawa daidai da yadda kake faɗa: ka kutsa cikin dodanni ya haukace, ka ja da baya ya lafa. Irin wannan kiɗa ba a naɗe yake daga farko zuwa ƙarshe ba. Guntaye ne rututu, wasan ne ke ɗinka su nan take gwargwadon abin da hannunka ke yi. Saboda haka fitar da shi a matsayin kundin saurare aiki ne sabo fil. Sai wani ya zauna ya zaɓi guntayen, ya jera su, ya yi musu farko da ƙarshe, ya daidaita ƙarfin kowace murya, abin da yaran situdiyo ke kira miksin. Galibin masu cewa “ai kawai ku ɗora mana” ba su san da wannan wahala ba.

Doom Eternal ya fito a Maris na 2020, kundin kiɗansa mai guda 59 ya biyo baya a Afrilu ga waɗanda suka sayi bugu na musamman mai tsada. Ba a jima ba masu kunne suka ce da matsala. Wani ya buɗe sautin a manhajar tace murya, ya ajiye hotonsa kusa da na 2016. Na da yana da tudu da kwari, na yanzu kuwa an danne shi ya koma bai ɗaya, ganga da jita duk ƙarfi guda, babu wurin numfashi. Gordon ya amsa cewa kaɗan ne daga ciki ya yi wa miksin da hannunsa. Kunnen masoya bai yi musu ƙarya ba.

Abin da ya biyo baya ne abin kunya. Aka gano sunan ma'aikacin id Software, kamfanin da ya yi wasan, wanda ya haɗa sauran, aka yi masa rubdugu da zagi, mutumin da aiki kawai aka ɗora masa da guntayen da aka riga aka danne don amfanin cikin wasa. A watan Mayu, Marty Stratton, babban furodusan wasan, ya fitar da buɗaɗɗiyar wasiƙa yana cewa Gordon ne ya yi ta saɓa lokacin da aka yanka masa har ya zame musu dole su nemi mafita. Nan take taron ya juya, zagi da barazana suka koma kan Gordon. Ya yi gum na shekara biyu da rabi, sannan a Nuwamban 2022 ya fito da dogon bayani mai kalmomi kusan 14,000 haɗe da hotunan saƙonni. Ya ce an tallata kundin da sunansa tun 2019 ba tare da an ba shi kwantiraginsa ba, sai dab da fitowar wasan aka sa hannu. Ya ce ya yi watanni yana aiki ba a biya shi ba, ya kuma ce an yi masa tayin kuɗi masu tsoka don ya ja bakinsa. Kamfanin Bethesda, mai fitar da wasan, ya amsa cewa labarin ɓangare ɗaya ne, ya tsaya bayan ma'aikatansa. Taron ya sake juyawa, wannan karon kan Stratton.

Ni na fi karkata ga Gordon, domin ya zo da takardu, kuma tallata kayan da ba ka ƙulla yarjejeniya da mai yin sa ba laifin mai talla ne. Amma a duba abin da masoya suka tashi da shi. Mutum uku sun sha zagi bi da bi, an raba Gordon da Doom, wasan da ya biyo baya a 2025 wasu ne suka yi masa kiɗa, gyararren kundin Doom Eternal kuwa, wanda shi ne asalin abin da ake nema, ba mu gan shi ba. Wanda kunnensa ya kai ya gane an danne sauti tun jin farko, ya kamata hankalinsa ya kai ya gane bai san abin da ke cikin kwantiragin mutane ba. A yi ƙorafi kan kayan da aka saya, a nemi a dawo da kuɗi in ta kama, amma farautar ma'aikaci da sunansa ba ta taɓa gyara miksin ba.

Sai cuta ta biyu, wadda tsararrakina suka fi fama da ita: komai na da ya fi na yanzu. Da Zelda: Breath of the Wild ya fito a 2017, mutane da yawa suka ce wasan ba shi da kiɗa. Sun saba da taken Zelda mai tashe, wanda Kondo ya tsara cikin dare ɗaya don wasan farko na 1986, bayan an gano cewa kiɗan Bolero na Maurice Ravel da suka yi niyyar sawa haƙƙin mallakarsa bai ƙare ba. Sai ga sabon wasa, kana tafe cikin daji mai faɗi ba ka jin komai sai iska da takun doki da ɗan fiyano jefi-jefi. A ganina Manaka Kataoka da abokan aikinta, masu kiɗan wasan, sun yi daidai. Wasan da mutum zai yi awa ɗari yana yawo a cikinsa, in ka sa masa take mai ƙarfi yana maimaituwa duk bayan minti biyu, kafin mako ya zagayo ya kashe muryar. Shirun nan ne ya sa idan fiyanon ya rikice ya kama sauri, alamar ɗaya daga cikin injinan kisan da ke wasan ya hango ka, gabanka yake faɗuwa. Da aka tattara kiɗan wannan wasa da aka ce ba shi da kiɗa aka buga a Japan a 2018, faifai biyar ya cika.

Wani ƙorafin kuma da gaskiyarsa. Dragon Quest XI ya isa kasuwannin Turai da Amurka a 2018 da kiɗan inji mai ƙarar gwangwani, alhali kowa ya san ana kaɗa kiɗan wannan jerin wasanni da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa tun shekaru. Mutane suka yi magana, magana kawai, kuma a bugun 2019 aka sa na ƙungiyar makaɗan. Masu sayen faifan garmaho kuwa, tunda abin ya dawo yayi, ban san me zan ce musu ba illa Allah Ya ba da haƙuri. Ana buga kaɗan, 'yan kasuwa su wawashe, su sake sayarwa ninkin-ba-ninkin. Mu a nan kuɗin aiko shi kaɗai ya isa ya sa mutum ya haƙura.

'Ya'yana ba su san gidan gem ba. Minecraft suke bugawa a wayar mahaifiyarsu, kiɗansa mai sanyi ne ke tashi a falonmu bayan la'asar. Wani Bajamushe ne ya yi shi, Daniel Rosenfeld, wanda aka fi sani da C418. Shi ya riƙe haƙƙin kiɗansa tun wasan yana ƙarami, shi ya sa kundinsa biyu, na 2011 da na 2013, suna nan a kasuwa da sunansa, kowa na iya saye, na farkon ma ya bi Mario cikin kundin adana sautukan Amurka a 2025. Riƙe haƙƙin bai zo masa a ɓagas ba. Microsoft ya sayi kamfanin Mojang mai wasan a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma kundi na uku, wanda Rosenfeld ya ce ya kammala, ya maƙale saboda ba su daidaita kan lasisi ba. Wasu makaɗan aka ɗauko, irin su Lena Raine, suka ci gaba da aikin. Duk da haka, tsakanin mutumin da kundi ɗaya ya maƙale masa amma duniya ta san sunansa, da wanda ya shekara talatin yana aiki aka buɗe manhaja babu shi, na san wanda zan so ɗana ya zama. Toby Fox, wanda ya yi Undertale a 2015 kusan shi kaɗai, ya sa kiɗan wasan guda 101 a kasuwa tun ranar da wasan ya fito. Kiɗan bai rage wa wasan ciniki ba, shi ya riƙa jawo masa mutane, har wasu 'yan wasan motsa jiki suka yi wasa da ɗaya daga ciki a gaban Fafaroma Francis a fadar Vatican a Janairun 2022.

Abin bai yi mana nisa kamar yadda muke zato ba. Kiɗa na farko daga wasan kwamfuta da ya ci Grammy, a 2011, shi ne Baba Yetu na Christopher Tin, wanda aka tsara wa Civilization IV, kuma da Swahili aka rera shi. Ana yin gem a Afirka yanzu, ga Maliyo Games a Legas, ga Kiro'o Games a Kamaru da ya fitar da Aurion a 2016. Ba abin mamaki ba ne gobe wani ya shigo situdiyo a Zoo Road a Kano yana neman kalangu ko gurmi ko kuntigi don wasansa. Ƙanena mai fiyano, in wannan rana ta zo, kafin ka ɗora yatsa a kan maɓalli ka nemi a rubuta maka sunanka a wasan da duk inda za a kai kiɗan, a rubuta wanda ke da ikon fitar da kundi da lokacin da za a fitar, a kuma rubuta kasonka in an sayar. Kan kuɗi kuna iya yin ciniki. In sun ce sunan ne ba za su sa ba, ka bar musu aikinsu.